Harsashi marar kwanso: me ya hana shi karɓuwa?

Sani_Makanike:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masana ƙere-ƙere da tsofaffin ma'aikatan ɗamara da ke cikin wannan zaure. Na daɗe ina bibiyar labarin bindigar G11, wadda kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya shafe shekara fiye da 20 yana aikinta, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne harsashinta ba shi da kwanson tagulla ko kaɗan. Albarushin aka daskarar ya zama ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu, aka binne ƙwayar harsashin a cikinsa, in an taɓa kunama komai ya ƙone, babu abin da zai faɗo ƙasa. A sana'ata ta gyaran injuna mun san cewa duk sashen da ka cire daga inji ka rage masa hanyar lalacewa guda, kuma an ce kwanso shi kaɗai ya kai kusan rabin nauyin harsashin soja. To me ya sa har yau babu rundunar da ta raba wa sojojinta bindigar kafaɗa mai irin wannan harsashi? Ni dai siyasa da kuɗi nake zargi, amma a shirye nake a gyara mini.

Tsohon_Saja:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ni ba injiniya ba ne, amma na riƙe G3 shekaru masu yawa, kuma ita ma ƙirar wannan kamfani ce da ka ambata. Abu ɗaya zan faɗa maka daga filin koyon harbi. Wata rana muna kwance a layi, kwanson da ya fito daga bindigar na gefenmu ya faɗa cikin wuyan rigar wani abokin aikina, ya maƙale tsakanin fata da kwala, kafin ya ciro shi ya bar masa tabo kamar an ɗora masa garwashi. Duk wanda ya taɓa tsintar kwanson G3 nan take ya san ba ya riƙuwa a hannu, kuma za ka ga baƙaƙen layuka a jikinsa saboda tsagin da ke cikin mazaunin harsashin. Tambayar da nake so ka yi wa kanka ita ce, wannan zafin da ya ƙone wuyan abokina, da babu kwanson da ya fito da shi, a ina zai zauna? A cikin bindigar zai zauna, harbi bayan harbi, har ta kai inda harsashin da ka sa zai tashi da kansa ba ka taɓa kunama ba.

Injiniya_Hadiza:
Baba Saja ya taɓo jijiyar maganar. Malam Sani, ƙa'idarka ta rage sassa gaskiya ce idan sashen da aka cire ba ya wani aiki, amma kwanso yana ɗauke da ayyuka da dama a lokaci guda, kuma cire shi ba ya kawar da ayyukan, sai dai ya ɗora su a kan bindiga. Na farko shi ne toshe baya. Lokacin da albarushi ya kama, matsin da ke cikin mazaunin harsashi yana kai dubban ninkin matsin iskar da muke shaƙa, sai tagullar ta kumbura ta liƙe da bangon mazaunin ta hana wuta komawa fuskar mai harbi, da matsin ya sauka kuma ta ɗan tsuke ta yadda za a iya zaro ta. Ke nan kowane harbi yana zuwa da sabon marfinsa, a yi amfani da shi sau ɗaya a yar. Idan babu kwanso, dole ƙarfen bindigar ya yi wannan toshewa sau dubbai, cikin zafi da datti, ba tare da ya ci ba.

Na biyu shi ne abin da Baba Saja ya faɗa, kwashe zafi, kuma ba kwashewa kaɗai ba, har da shiga tsakani, domin kwanso katanga ce tsakanin albarushi da ƙarfen da ya yi ja. Albarushin zamani da ake yi da naitiroselulos yana kamawa da kansa a wajen digiri 180 na ma'aunin salsiyos, kuma mazaunin harsashi yana wuce haka idan aka yi ta harbi ba tsayawa. Na uku, kwanso sulke ne: yana kare albarushi daga ruwa da mai da bugu, soja ya faɗa kogi da shi, ya fito ya harba. Akwai ma na huɗu da ake yawan mantawa, wato idan harsashi ya ƙi tashi, gindin kwanson ne ƙugiyar bindiga ke kamawa ta jawo shi waje.

Sani_Makanike:
Na gode Injiniya, na karɓi wannan. Amma ai Jamusawan sun san duk waɗannan matsaloli kafin su fara, kuma abin da na karanta ya nuna sun warware su.

Malam_Tarihi:
Kafin mu kai ga Jamusawa, ya kamata a san cewa wannan tunani ya girmi kwanson tagullar da muke magana a kai. A 1848 wani Ba'amurke mai suna Walter Hunt ya yi rajistar harsashin da ya kira Rocket Ball, wanda ƙwayar dalma ce da aka rarake gindinta aka cusa albarushi a ciki aka toshe. Daga wannan ƙira ne Horace Smith da Daniel Wesson suka fito da bindigogin Volcanic a tsakiyar shekarun 1850, kuma cikin masu zuba jari akwai Oliver Winchester. Matsalar a bayyane take: ramin da ke gindin ƙwayar dalma ba zai ɗauki albarushi mai yawa ba, don haka harbin ba shi da ƙarfi, kamfanin kuma ya durƙushe. Da Winchester ya karɓi ragamar, sai Benjamin Tyler Henry ya ajiye wancan harsashi ya sa mai kwanson ƙarfe, bindigar Henry ta fito a 1860, kuma daga nan sunan Winchester ya kafu. Wato bindigar da ta gaza da harsashi marar kwanso ita ce ta yi suna da aka ba ta kwanso.

A Turai ma haka aka bi. Bindigar allura ta Dreyse da Farusa (Prussia, tsohuwar daular Jamusawa) ta ɗauka a 1841 harsashin takarda take ci, takardar ta ƙone tare da albarushi, amma wuta tana tsiyaya ta baya har sojoji suna kawar da fuska. Faransawa suka zo da Chassepot a 1866 suka sa mata zoben roba a bayan mazaunin harsashi domin ya yi toshewar da Injiniya Hadiza ta bayyana, sai dai zafi yana cinye robar, ragowar takarda kuma tana cushe bindigar. Bayan yaƙinsu da Farusa na 1870 zuwa 1871, suka mayar da ita mai cin kwanson tagulla a 1874 da sunan Gras. Mutanen wancan ƙarni sun ga duniya babu kwanso da idonsu, kuma da gudu suka bar ta.

Maharbin_Daji:
Malam, ashe mu masu bindigar toka mun riga kowa. Tamu babu kwanso, ta baki muke ɗura albarushi mu danna da sanda mu sa dalma, kuma bayanta a toshe yake tun daga maƙera, shi ya sa ba ta da matsalar tsiyayar wuta ta baya sai ta ɗan ramin makunni. Amma abin da Injiniya ta faɗa kan ruwa na gan shi da idona. Da damina in ka kwana a daji da bindiga a ɗure, raɓa kawai ta isa ta sa da safe ka ja kunama ka ji shiru, ko kuma ta yi jinkiri ta tashi bayan ka fara sauke ta daga kafaɗa, wanda shi ne ya fi haɗari. Haka kuma ba a sake ɗuri nan take bayan harbi, sai an tabbatar babu garwashin da ya rage a ciki, domin na san wanda ya rasa yatsu biyu ta wannan hanya. 'Yan bindigar da ke harbi a hawan Sallah duk sun san wannan ka'ida.

Abba_Kwamfuta:
Ni abin da ya burge ni a G11 shi ne saurinta. Na ga an rubuta tana harba harsashi 2,000 a minti ɗaya, wanda ya ninka na AK-47 fiye da sau uku. Ina ganin da an bar ta ta fito, da yanzu ta shafe duk sauran bindigogi.

Injiniya_Hadiza:
Ƙanena Abba, akwai gyara a nan. Wannan sauri na kusan 2,000 a minti yana aiki ne kawai idan aka saita ta a kan harbi uku-uku. Idan aka sake ta tana ta harbi ba tsayawa, saurinta yana wajen 460 a minti, ƙasa da na AK-47 mai wajen 600. Dalilin saurin uku-ukun shi ne ainihin abin da aka ƙera bindigar dominsa, don haka bari in yi bayaninsa. Binciken da sojojin Amurka suka yi bayan yaƙin duniya na biyu ya nuna cewa a fagen fama soja a firgice yake, a gajiye, abin harbinsa kuma yana motsi, saboda haka yawancin harbinsa kuskure ne komai kyawun bindigarsa. Sai aka yi tunanin a ba shi harsasai uku da za su fita kusan lokaci guda su ɗan bazu kaɗan, ko ɗaya zai samu. A bindigar da muka sani, harsashi na biyu da na uku sama suke tafiya domin naushin na farko ya riga ya ɗaga bakin bindiga. A G11, bututu da mazauni da gidan harsashi duk suna zamewa baya tare a cikin gangar jikin bindigar, kuma na ukun yana barin bututu kafin naushin ya iso kafaɗa.

Wannan yana da wuya ƙwarai da kwanso, domin zaro shi da jefar da shi yana cin lokaci. Mazaunin harsashin G11 wani ɗan faifai ne mai juyawa: harsashi yana saukowa a tsaye daga gidansa da ke kwance a saman bututu, faifan ya juya kwata ɗaya ya daidaita shi da bututu, a harba, ya sake juyawa ya karɓi na gaba. Wanda ya ƙi tashi kuwa, ana murɗa wani hannu a gefe, a turo shi ta wata ƙofa a ƙasan bindigar. Malam Sani, a nan ne ƙa'idarka ta juye, domin wanda ya ga hoton cikin G11 a buɗe zai ga sassa kamar na agogon bango. An cire sashe ɗaya daga harsashi, an ƙara da yawa a bindiga.

Tsohon_Saja:
Wannan shi ne abin da ke tsorata ni. G3 ko AK, kurtu da ya yi wata biyu a horo zai warware ta a kan tabarma ya goge ya haɗa cikin duhu. Bindigar da sai ƙwararre ne zai buɗe cikinta, ban san yadda za ta yi a hannun yaron da ke bakin daga da ƙurar hunturu ba.

Dan_Damagaram:
Baba Saja, ranka ya daɗe, a nan zan ɗan saɓa maka. Rashin ƙofar fitar kwanso yana nufin G11 kusan a rufe take ruf, don haka hanyoyin da yashi zai bi ya shiga sun fi na kowace bindiga ƙaranci, kuma masu ƙera ta sun tsara cewa soja bututu kawai zai riƙa gogewa. Ga kuma bahago, wanda ba zai ƙara fargabar kwanso ya bugi fuskarsa ba. Sannan kada mu raina maganar nauyi. Harsashin 5.56 na NATO yana da nauyin wajen giram 12, na G11 mai lamba 4.73×33 kuwa wajen giram 5 ne, wato da nauyi ɗaya soja zai ɗauki fiye da ninki biyu. Ku lissafa wannan a kan mota da jirgi da rumbun ajiya, ba a kan bayan soja kaɗai ba. Game da zafi kuma, gaskiya ne an janye bindigar daga gwajin NATO da aka fara a 1977 saboda harsasai suna tashi da kansu, amma daga baya kamfanin Dynamit Nobel ya sauya albarushin da wani mai tushe daga sinadarin fashewa na HMX, wanda ke jure ƙarin zafi na wajen digiri 100. Ina goyon bayan Malam Sani cewa ba kimiyya ce ta kashe ta ba.

Malam_Tarihi:
Kwanakin suna goyon bayanka, Malam na Damagaram, amma rabi. An ƙera G11 domin ta gaji G3 a hannun sojojin Jamus ta Yamma, waɗanda ke shirin fuskantar rundunar Tarayyar Sobiyat. Katangar Balin ta faɗi a Nuwamban 1989, Jamus ta haɗe a Oktoban 1990, abokin gabar da aka yi shiri dominsa ya watse, gwamnati kuma ta sami kanta da ɗawainiyar gina gabashin ƙasar da tarin makaman da ta gada daga can. Ba a ba da kwangilar ba. Heckler & Koch, wanda ya zuba dukiya mai yawa a aikin, ya shiga matsin kuɗi har kamfanin Royal Ordnance na Ingila ya saye shi a 1991, daga baya Jamus ta ɗauki G36 mai cin harsashin 5.56 na kowa da kowa.

Ɗaya rabin shi ne Amurka, wadda ba ta da matsalar haɗewar ƙasa. A ƙarshen shekarun 1980 ta yi gasar neman bindigar da za ta gaji M16A2, aka gwada ƙirar kamfanoni huɗu, AAI da Colt da Steyr da Heckler & Koch da nau'in G11. Sharaɗin shi ne sabuwar bindiga ta ninka tsohuwar wajen samun abin harbi, kuma babu ko ɗaya da ta kai, aka rufe shirin. Wato hujjar da aka gina bindigar a kanta, ta harbi uku-uku, ba ta ba da ribar da aka yi tsammani ba lokacin da aka auna ta a hannun sojoji.

Sani_Makanike:
Malam, ninka samun abin harbi ai sharaɗi ne mai tsauri ƙwarai. Rashin cika shi bai nuna bindigar ba ta da kyau ba, ya nuna dai an ɗora mata abin da babu bindigar da za ta iya.

Malam_Tarihi:
Haka ne, amma ka duba dalilin tsaurin. Ƙasar da za ta sauya harsashi sai ta sauya masana'antu da rumbuna da horo, ta kuma fita daga tsarin da ya sa sojan Jamus zai iya karɓar harsashi daga hannun na Beljiyam ko na Amurka, tunda a 1980 NATO ta amince da 5.56 a matsayin na bai ɗaya. Ba a yin wannan ɗawainiya don ribar kashi kaɗan.

Barista_Zainab:
Ina so in shigo da wani ɓangare da ba a taɓo ba, kuma ina ganin yana cikin maganar. A aikin shari'a, kwanson da aka tsinta a wurin da aka yi harbi shaida ne mai nauyi, domin allurar bindiga da ƙugiyarta da bangon mazauninta duk suna barin alama a jikin tagulla, ga tambarin masana'anta a gindinsa wanda ke nuna inda aka yi shi, sau da yawa har da shekarar. Masu bin diddigin safarar makamai a yankinmu na Sahel da wannan tambari suke gano ta inda harsasai suka biyo. Idan harsashi marar kwanso ya yaɗu, wannan hanya ta toshe, sai dai a dogara da zanen da bututu ke bari a jikin ƙwayar, ita kuwa sau da yawa a lotse ake samunta ko ba a same ta ba sam. Ni wannan ya isa ya sa ban yi baƙin cikin rashin yaɗuwarsa ba.

Dan_Damagaram:
Barista, damuwarki a wurinta take, sai dai ƙaramar bindiga mai ganga mai juyawa ma ba ta zubar da kwanso, kuma ta fi shekara 150 a hannun mutane. Amma na yarda maganar tambarin masana'anta daban ce, wannan asara ce ta gaske.

Usman_Littafi:
Tunda an shigo da farar hula, akwai bindigogi biyu marasa kwanso da aka sayar a kasuwa, kuma labarinsu yana da amfani ga tambayar Malam Sani. Ta farko ita ce Daisy V/L ta 1968, daga kamfanin Amurka da aka sani da bindigogin iska, bisa ƙirar wani masanin sinadarai ɗan Beljiyam mai suna Jules Van Langenhoven. Ba ta da makunni kwata-kwata: fistin ne ke matse iska da ƙarfi har ta yi zafi, iskar ta kunna ɗan dunƙulen albarushin da ke manne a gindin ƙwayar, kamar dai yadda injin dizal ke kunna mai, abin da Malam Sani ya fi mu sani. Hukumomin Amurka suka yanke cewa wannan bindiga ce ta sosai ba ta iska ba, kamfanin kuma ba shi da lasisin ƙera irinta, aka daina yin ta a 1969. Ta biyu ita ce Voere VEC-91 ta ƙasar Ostiriya, bindigar farauta da ta fito a 1991, wadda batir ke kunna harsashinta da lantarki. Ta yi aiki, an yaba daidaitonta, amma mafarauci ba ya sayen bindigar da harsashinta wuri ɗaya kawai ake yin sa a duniya. Ku lura cewa duka biyun ba masu sarrafa kansu ba ne, a hankali ake harba su, shi ya sa matsalar zafi ba ta dame su ba.

Abba_Kwamfuta:
Yaya Usman, Gyrojet fa? Na ɗauka ita ma cikin wannan layi take.

Usman_Littafi:
Makusanciya ce amma ba ita ba ce. Gyrojet ta shekarun 1960 ƙananan rokoki take harbawa, waɗanda ke ci gaba da ƙona man su bayan sun bar bindiga, shi ya sa a kusa ba su da ƙarfi sai sun yi nisa. Abin da muke magana a kai albarushinsa a cikin bututu yake ƙonewa. Wanda ya fi kama da na Walter Hunt shi ne igwar Ho-301 mai faɗin milimita 40 da Japan ta ɗora wa jiragenta Ki-44 a yaƙin duniya na biyu, albarushin yana cikin gindin ƙwayar. Ita ma ciwon Volcanic ya kama ta, gudun harsashinta bai wuce wajen mita 245 a daƙiƙa ba, sai matuƙi ya matso dab da jirgin abokan gaba kafin ya yi fatan samu.

Kofur_Sulke:
Gaisuwa ga Oga Saja da sauran manya. Ina so in gyara tunanin cewa wannan fasaha ta mutu, domin a manyan bindigogi ita ke mulki. Igwar milimita 155 ba ta da kwanso, ana tura ƙwaya, a bi ta da buhunan albarushi ko dunƙulensa gwargwadon nisan da ake so, ƙofar baya kuma ita ke toshewa da kanta bisa dabarar da Bafaranshe de Bange ya fito da ita tun shekarun 1870. Tankokin Leopard 2 da Abrams masu bindigar milimita 120 kwansonsu ƙonewa yake yi, ɗan gindin ƙarfe kawai ke saura, kuma tankar T-72 ma haka take. Wanda ya taɓa zama cikin tanka ya san dalili, domin wuri ne da ko miƙe ƙafa ba ka yi, in manyan kwansunan tagulla masu zafi da hayaƙi suka taru a ƙasa, numfashi ma sai ya gagara. Ko a hannun sojan ƙasa, gurnetin VOG-25 na Rasha da ake harbawa daga GP-25 a ƙarƙashin bututun Kalashnikov ba ya barin kwanso, ta baki ake ɗura shi kamar bindigar Malam Maharbi.

Amma an sha wuya kafin a kai nan. Tankar Sheridan ta Amurka mai bindigar milimita 152 ta je Biyetnam da kwanso mai ƙonewa gaba ɗaya, laima ta riƙa kumbura shi, yana fashewa in an buge shi, kuma ragowar da ke ci da wuta a cikin mazauni tana iya kunna na gaba, har sai da aka sa mata na'urar da ke hura iska mai ƙarfi ta share bututu bayan kowane harbi. Shi ya sa waɗanda suka biyo baya suka bar ɗan gindin ƙarfen nan, domin ya yi aikin toshewa.

Maharbin_Daji:
Allah mai iko. Garwashin da ya cinye yatsun mutumin da na faɗa, shi ne dai ya dami masu tankar.

Injiniya_Hadiza:
Bayanin Kofur ya nuna inda iyakar take. Igwa tana harba 'yan ƙwayoyi a minti, tana da ƙarfe mai kauri da zai shanye zafi, harsashinta yana zaune cikin akwati har lokacin amfani, kuma akwai mutane da dama masu kula da ita. Bindigar kafaɗa ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Abin da ya biyo bayan G11 ma yana da darasi. A 2004 Amurka ta buɗe shirin LSAT domin rage nauyin bindiga mai jigida, aka bi hanya biyu a lokaci guda: ɗaya marar kwanso bisa fasahar Dynamit Nobel ɗin nan, ɗaya kuma mai kwanson roba da aka nutsar da ƙwayar a cikinsa. Marar kwanson ya fi sauƙin nauyi, amma na robar ne ya yi gaba, domin ya ba da mafi yawan ragin ba tare da an rasa toshewa da kariya ba, roba kuma ba ta saurin miƙa zafi ga albarushi. Da aka zo gasar neman sabuwar bindigar sojojin Amurka da aka kammala a 2022, kamfanin Textron ya shiga da wannan na robar, wani rukunin ya shiga da kwanson roba na True Velocity, amma SIG Sauer ne ya ci da harsashin 6.8×51, wanda jikinsa tagulla ne gindinsa baƙin ƙarfe. Buƙatar ma ta sauya, yanzu sulken da sojoji ke sawa ake so a huda daga nesa, wannan kuwa ƙarin matsi yake nema, ƙarin matsi kuma yana ƙara wa toshewa wahala.

Dan_Damagaram:
Injiniya, ban musa ba, amma a lura cewa tagulla ta samu shekara fiye da 150 ana gyara ta a kowace masana'anta ta duniya, shi kuwa marar kwanso na G11 kamfani biyu ne suka riƙe shi aka yanke musu kuɗi ana dab da fara rabawa. Ba mu taɓa ganin abin da zai faru ba da runduna guda ta riƙe shi shekara 10 tana gano aibinsa ana gyarawa, kamar yadda aka yi wa M16 bayan wahalar da ta bayar a farkon zuwanta Biyetnam.

Tsohon_Saja:
Waɗanda aka gano aibin M16 a hannunsu, Malam, wasunsu ba su dawo gida ba. Ni abin da zan so in sani game da harsashin nan shi ne abu mai sauƙi: a ajiye akwatinsa shekara 15 a rumbun kwano a Maiduguri, zafin bazara ya bi ta kansa, damina ta bi, a ɗora shi a bayan mota a yi tafiyar kwana biyu a kan hanya mai gargada, sannan a buɗe a ga ko dunƙulen bai tsage ba. Na harba harsashin tagulla da ya girme ni a aiki, kuma ya tashi.

Sani_Makanike:
Baba Saja, wannan gwaji naka ya fi duk abin da na karanta shiga raina, domin na ga yadda zafin nan ke busar da roba da gam a cikin injuna har su farfashe. Har yanzu ina ganin da katangar Balin ta ƙara shekara biyar a tsaye da mun ga G11 a hannun sojoji, ko da daga baya za a janye ta. Injiniya Hadiza, akwai abin da bai fita mini ba a bayanin faifan nan mai juyawa. Tunda shi ke karɓar wuta kai tsaye a kowane harbi kuma dole ya liƙe da bututu ta gaba ya toshe ta baya, shin ana ɗaukarsa a matsayin sashen da ke cinyewa a riƙa sauya shi kamar zoben fistin, ko an yi shi ne ya rayu tsawon ran bindigar?

Injiniya_Hadiza:
Kwatancenka da zoben fistin ya dace, Malam Sani, domin matsin ƙonuwar ne da kansa ke tura sassan mazaunin su danne bututu su toshe, kamar yadda matsi ke buɗa zobe ya kama bangon silinda. Duk abin da ke aiki a haka cikin wuta yana ci, kuma shi ne wurin da robar Chassepot ta gaza tun 1866, sai dai a nan ƙarfe ne a madadin roba. Kofur, ku da kuka yi aiki da igwa, sau nawa ake duba matoshin ƙofar baya, kuma da wace alama kuke gane ya fara tsiyaya?